Yadda ake hawa zuwa tafkin Drakolimni daga ƙauyen Papingo

Mikro Papingo ƙaramin ƙauye ne a yankin Zagori, arewa maso yammacin Girka, kimanin kilomita 60 daga birnin Yannina. Gidajensa na dutse ne har rufin. Daga nan ake kama hanyar ƙafa zuwa tafkin Drakolimni, wanda ke sama da mita 2,000 a kan tsaunin Timfi.

Da farko, ka kwana a ƙauyen. Duk wanda na gani ya taso daga Yannina da safe sai hantsi yake isowa, domin hanyar mota daga ƙauyen Aristi lanƙwasa ce kan lanƙwasa. Ka fita gari na wayewa, tsakanin Yuni da Satumba. Akwai maɓuɓɓugai a hanya. Ka cika gorarka a kowace, don wasu kan ƙafe idan zafi ya daɗe. Cikin awa uku za ka kai masaukin Astraka na masu hawan dutse, a tsayin mita 1,950 ko kusa da haka.

A nan mutane ke yaudarar kansu. Sun ga masauki, sun sha shayi, sai su ɗauka wahala ta ƙare. Daga masaukin hanya gangarawa take yi zuwa cikin kwari, sannan ta sake haurawa zuwa tafkin, tafiyar awa ɗaya da 'yan kai. Wannan gangaren mai daɗi, shi za ka hau a dawowa, lokacin da ƙafa ta riga ta mutu. Ni a nan na durƙushe. Na cinye guzurina a bakin tafki, ruwa ya ƙare, cinyoyina na rawa, ga hazo ya taso daga kwarin har ban iya hango masaukin ba. Saboda haka ka raba abincinka biyu, rabi ba a taɓa shi sai a gindin wannan hawan. In sha biyu ta yi maka a masauki, kada ka wuce. Ka kwana, ka tafi da safe. Gadon ba kyauta ba ne, kuma a kan kama shi tun kafin a zo, amma ya fi dare a kan dutse.

Karnukan makiyaya kuwa, kada ka gudu, ka kewaye garken daga nesa. A tafkin za ka ga wasu 'yan halittu kamar ƙadangaru masu ciki ruwan lemo, kallo kawai.

Saukowa ka riƙe sanda, tsakuwar na da santsi.