Dabarar firiza in an ɗauke wuta

Jama'a, ku daina jefar da robobin lemo. Ku wanke su ku cika da ruwa, ku jera a firiza duk ranar da aka kawo wuta. Kar ku cika fal, ku bar ɗan wuri a sama don ruwa yana kumbura in ya daskare, roba sai ta fashe.

Ƙanƙarar nan ita ke riƙe sanyi. Firiza cikakkiya in ba a buɗe ta ba tana iya kai awa 48 da sanyinta, mai rabin kaya kuwa kamar awa 24 ne. Ni a Tudun Wada mun yi kwana biyu ba wuta, naman da na sayo a kasuwar Sabon Gari ko wari bai yi ba, da robobin suka narke kuma muka samu ruwan sha mai sanyi.

Amma fa in wutar awa biyu take zuwa ko ba ta da ƙarfi, ruwan ba zai daskare ba. In robar bakin ƙofar ta saki, sanyin guduwa yake. Zafin watan Afrilu ma yana rage kwanakin. Yara kuma a hana su buɗe-buɗe, wallahi su ne ke kashe dabarar.