Hawan keken tsere a tudu da gangaren karkarar Zariya

Wanda ya saba kallon ƙasar Zazzau ta tagar mota zai rantse a shimfiɗe take, in ban da Kufena da 'yan duwatsun da suka yi tsaye jefi-jefi. Ƙafar mai keke ce ke ƙaryata shi. Duwatsun nan ba a hawansu da keke, kewaye su titi yake yi. Abin da ke cin ƙarfin mutum rafuka ne: duk inda hanya za ta ƙetare Kubanni ko Galma ko wani ƙaramin rafi da ke zuba cikinsu, sai ta gangara zuwa gada ko kwalbati, sannan ta sake miƙewa sama a hankali. Hawan ba shi da tsauri, amma yana ta maimaituwa, kuma wanda ya ɓarnatar da ƙarfinsa a tudu uku na farko, a na bakwai zai sauka ya tura.

Mai fara koyo ya ɗauki Samaru zuwa Shika ya dawo. Gajeriyar tafiya ce, akwai masu faci da masu shayi a hanya, sai dai titin Funtuwa ne, tirela da tanka ba sa yankewa, don haka sai da sanyin safiya. Wanda ƙafarsa ta fara ƙwari ya bi ta Basawa ya nufi Hunƙuyi, cikin gonakin masara da rake da fadamun tumatir. A nan ake koyon hawa da sauka sosai, kuma da kaka sai an yi hattara da amfanin gona da ake shanyawa a bakin kwalta da motocin da suka yi lodi fiye da kima. Doguwar tafiya ita ce titin Jos: a ƙetare Galma, a wuce Dakace, a miƙa Maigana, mai ƙarfi ya kai Soba. Ta ɓangaren yamma kuma, daga Ɗan Magaji a shiga Wusasa, a wuce tsohuwar majami'ar nan ta ginin ƙasa, a je gindin Kufena a juyo. Wannan ta kallo ce, ba ta gudu ba. Babban titin Kaduna zuwa Kano kuwa a bar wa motoci, kuma in da hali a kauce wa mahaɗar motoci ta Kwangila da zarar gari ya waye sosai.

Kafin kowace fita, musamman gaba da Shika ta wajen Giwa ko bayan Kufena, a tambayi direbobin tasha da 'yan acaɓan yankin halin da hanya take ciki a makon. Su suka fi kowa sanin inda tsaro ya taɓarɓare da inda ruwa ya cinye kwalbati. In suka ce kada a wuce wuri kaza, magana ta ƙare. Kada a fita ƙauye mutum ɗaya, kuma a bar wa wani a gida sunan hanya da lokacin dawowa.

Yawancin kekunan tsere na gwanjo da ake samu a kasuwa suna zuwa da faranti (faifan haƙoran da sarƙa ke hawa) 53/39 a gaba da 11-25 a baya, lambobin kuwa adadin haƙora ne, giyar masu gasa ke nan. Ga mai fita motsa jiki a irin ƙasarmu, 50/34 a gaba da 11-32 a baya ya fi, in dai na'urar canjin giya ta baya mai dogon hannu ce da za ta ɗauki babban haƙori. In babu halin sauyawa duka, ko 11-28 a baya ya rage wahala.

Ga yadda ake cin tudun rafi. Kana gangarowa, kada ka saki feda gaba ɗaya. Ci gaba da juyawa a hankali don gudun da ka tara ya haye da kai kashi na farko na hawan. Da ka wuce gada, kafin ƙafa ta fara jin nauyi, rage giya ɗaya. Bayan 'yan mitoci ka ƙara rage wata. Kuskuren da aka fi yi shi ne jira sai keke ya kusa tsayawa sannan a danna canji alhali ana taka feda da dukan ƙarfi: sarƙa ta yi ƙara, ta yi tsalle, wani lokaci ta zame daga faranti ko ta tsinke. Duk lokacin canji, sassauta takun na juyi ɗaya kawai, sarƙa ta zauna, sannan ka ci gaba. In za ka sauka zuwa ƙaramin faranti na gaba, yi shi tun a gindin tudu. Kada kuma ka haɗa babban faranti da babban haƙorin baya, sarƙa tana karkacewa ta ci kanta.

Ƙafa ta riƙa juyawa kamar sau 80 zuwa 90 a minti a fili, kada ta faɗi ƙasa da 70 a tudu. Lissafin mai sauƙi ne: ƙirga sau nawa gwiwar dama ta taso cikin daƙiƙa 15, ka ninka da huɗu. Zauna a sirdi a mafi yawan hawan, hannu a saman kan keke, kafaɗa a sake. Miƙewa tsaye a bari sai kusa da ƙarshen tudu ko in cinya ta ƙage, kuma kafin ka miƙe ƙara giya ɗaya. In ba ka iya yi wa abokin tafiyarka magana jimla guda ba tare da haki ya katse ta ba, ka wuce iyakarka, rage. Mai fama da ciwon gaban gwiwa ya duba sirdi, galibi ya yi ƙasa: ɗora dunduniya a feda tana can ƙasa, ƙafa ta miƙe sak ba tare da ƙugu ya karkata ba.

Haɗarin gangara a gindinta yake, inda gudu ya fi yawa. A nan ruwan damina ke tara yashi a kan kwalta, a nan ramuka suke, a nan kuma shanu ke ƙetarewa zuwa mashaya. A gangarar da ke da irin wannan haɗari, rage gudu tun daga sama da birki biyu tare. In ka riga ka shiga yashi, saki birkin gaba, riƙe kan keke a miƙe, kada ka yi kwana sai ka fita.

Siririyar taya mai faɗin milimita 23 ba ta titinmu ba ce. Sa 28, ko 32 in firam ɗin zai ɗauka, don ko'ina ka bi sai ka ci karo da guntun burji. Mutum mai nauyin kilo 70 zai sa iska wajen psi (ma'aunin ƙarfin iskar taya) 65 zuwa 75 a taya 28, ko 50 zuwa 60 a taya 32, ta gaba ta ɗan gaza ta baya. Iska ta yi yawa, keke ya riƙa tsalle yana gajiyar da hannu. Ta yi kaɗan, bakin rami ya matse tif da rim ya bar huda biyu gefe da gefe kamar saran maciji. In huda ɗaya ce ƙarama, ƙaya ce, sau da yawa tsidau da aka taka a gefen titi wajen kauce wa mota. Kafin ka sa sabon tif, zaga yatsa a hankali cikin taya ka zare ta, in ba haka ba nan gaba kaɗan za ka sake tsayawa. Abin da mutane ke mantawa: bawul ɗin keken tsere siriri ne, injin mai facin mota ba ya kama shi. Ɗan ƙaramin mahaɗi na tagulla da ake ɗaurawa a kansa ya riƙa zama a aljihu, tare da tif biyu, famfon hannu, ƙarfen cire taya biyu, makullan alanki na 4, 5 da 6, da mahaɗin sarƙa daidai da adadin giyarka.

Baƙin man inji ba na sarƙa ba ne. Yana kama ƙurar hunturu ya zama ƙullu mai cin haƙora. Goge sarƙa da tsumma, ɗiga man keke ɗigo ɗaya a kowace gaɓa, bar shi ya shiga, sannan ka goge na waje tas.

Iska ma tudu ce da ba a gani, don haka da ita ake zaɓen hanya. Daga Disamba zuwa Fabrairu daga arewa maso gabas take busowa, sai a fara da fuskantarta ta wajen Hunƙuyi lokacin da ƙarfi ke nan, a dawo tana turo mutum. Da damina ta kudu maso yamma take zuwa, lissafin ya juye. In hazo ya yi kauri har ba a hango mota daga nesa, a fasa, ko a kunna jar fitila a baya a sa riga mai haske. Hular kwano ba ta da lokaci, kullum ce. A Maris da Afrilu a fita bayan sallar asuba da gari ya fara haske, a dawo kafin ƙarfe goma.

Ruwa rabin lita zuwa kashi uku cikin huɗu na lita a kowace awa, fiye da haka da bazara; ledar fiya wata guda rabin lita ce, sai a auna da ita. Sha kaɗan-kaɗan kafin ƙishi ya zo, domin da hunturu gumi na bushewa nan take, mutum bai san yana zubar da ruwa ba sai kai ya fara sarawa. In tafiyar ta wuce awa biyu, gora ɗaya ta zama ta ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya, sukari ƙaramin cokali shida a shafe, gishiri rabin ƙaramin cokali. Daga awa ta biyu a riƙa cin dabino uku ko huɗu, ko ayaba guda, duk bayan minti 40. Ƙosai da fura mai yawa a bar su sai an juyo gida, suna zama a ciki su hana numfashi a tudu.