Yadda ake rubuta buƙatun manhaja da tsarin EARS

Rigima tsakanin mai ba da aiki da mai rubuta manhaja sau da yawa daga takardar buƙatu take tasowa. A rubuta "na'ura ta riƙa aiki da sauri", kowa ya fassara saurin yadda ya ga dama. Don toshe wannan kafa ne Alistair Mavin da abokan aikinsa a kamfanin Rolls-Royce suka fito da tsarin EARS (Easy Approach to Requirements Syntax, wato hanya mai sauƙi ta tsara jimlolin buƙatu) a 2009, lokacin da suke nazarin ƙa'idojin na'urar sarrafa injin jirgin sama. Babu lissafi a ciki irin na tsarin Z, wanda ke rubuta buƙatu da alamomin lissafi. Jimla ce ta yau da kullum, an dai yi mata linzami.

Mu ɗauki na'urar POS. Da farko, kowace buƙata ta samu jimlarta da lambarta. Sunan na'urar ya fito ƙarara, sai kalmar shall, wato dole.

Daga nan ka tambayi kanka yaushe dolen take aiki. In kullum ne, ba a sa sharaɗi: "Dole POS ta rufe lambar sirri da taurari." In wani abu ne ke tayar da ita, ka fara da When: "Da zarar an saka kati, dole POS ta nemi lambar sirri cikin daƙiƙa 2." While na yanayin da ke ɗorewa ne, misali muddin caji bai kai kashi 10 cikin 100 ba. Where kuwa na abin da ba kowace na'ura ke da shi ba, kamar firinta.

If da Then, wato "idan" da "to", na abin da ba a so ya faru, su ne inda ya kamata ka daɗe, domin nan aka fi sakaci. Kan kowace When, ka zayyana duk abin da zai iya ɓaci: sabis ya ɗauke, takardar rasit ta ƙare, an zare kati tun ba a gama ba. Kowanne a yi masa jimla: "Idan banki bai amsa ba cikin daƙiƙa 30, to dole POS ta aika saƙon mayar da kuɗi." In ba a rubuta wannan ba, mai manhaja ba zai gina shi ba, sai a ciri kuɗin mutum alhali mai POS bai ga komai ba.

Kafin a sa hannu, a ba mai gwaji takardar. Duk jimlar da ya kasa cewa ga yadda zai auna ta, a sake ta. A share "yadda ya kamata" da "da sauransu", a sa adadi. Wadda ta haɗa aiki biyu kuma a raba ta, don in rabi ya yi rabi ya ƙi, ba a san me za a rubuta a sakamakon gwaji ba.