Darasi na 7: Wayar wutar gidanmu, jiya da yau

Dattawan cikin birni suna tuna lokacin ECN, tsohuwar hukumar wutar lantarki, kafin a kafa NEPA a 1972. A wancan zamani gidan da ya samu wuta, abin da ke cikinsa bai wuce ƙwan lantarki biyu ko uku da rediyo ba, sai mai hali ya ƙara fanka. Wayar kuwa a fili take. Ana bin bangon ƙasa da ita, a kafe ta da ƙananan ƙusoshi, ta bi ta ƙarƙashin azara.

Wayar farko jan ƙarfe ce da aka naɗe da roba, aka saƙa zare a kanta, wata ma har da rigar dalma. Aibinta shi ne tsufa. Zafi yana busar da robar har ta riƙa marmashewa kamar ƙanzo, ƙarfen ya fito tsirara. Ku tuna da zafin bazarar Kano a ƙarƙashin kwano. Daga shekarun 1960 roba mai suna PVC ta maye gurbinta. Ita ce muke gani yau, tana da santsi, ta fi jure zafi da damshi. Daga baya aka koma fasa bango ana binne bututu, a zura wayar a ciki.

Launi ma ya sauya. Da, ja ce mai ɗauke da wuta, baƙa ce mai mayarwa, koriya ce ta ƙasa, wadda ma'aikata ke kira at. A 2004 Ingila ta koma ruwan ƙasa a madadin ja, shuɗi a madadin baƙi; ta ƙasa kuwa tun kafin nan ta koma kore da rawaya. A kasuwarmu za ku tarar da iri biyun. Saboda haka kada wanda ya dogara da launi kawai ya kai hannu.

Ga inda na fi so ku tsaya. Wayar da aka sa domin ƙwai uku, ita ce yau muke ɗora wa firji da dutsen guga da hita, wani har da injin markaɗe. Jaki ɗaya ne, kaya suka ninka. Waya tana da kauri daban-daban, kuma a rubuce yake a jikinta. Mai lamba 1.5 ta fitilu ce da fanka. Mai 2.5 ta soket ce. Murhun lantarki da babbar na'urar sanyaya ɗaki sai 4 ko 6. Idan aka ɗora wa siririya nauyin da ya fi ƙarfinta, sai ta yi zafi, robar ta narke a cikin bango inda ido ba ya gani, mutanen gida suna barci.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne jabu. Akwai wayar da cikinta alminiyam ne, an shafa mata jan ƙarfe a sama. Ta fi araha, ba ta da nauyi a hannu, tana saurin zafi da karyewa. Araha ba ta ado. In kun je Sabon Gari sayayya, ku ce wa mai shago: "Alhaji, yanko mini ɗan guntu." Ku kankare ƙarfen da wuƙa. In ya yi fari a ciki, ku ajiye masa abinsa. Ku duba sunan kamfani da lambar kauri a jikin robar, da tambarin hukumar SON mai kula da ingancin kaya a takardar naɗin.

Aikin gida: da rana, ba tare da taɓa wata waya ba, ku zagaya ɗakunanku. Ku rubuta a littafinku duk soket ɗin da ya yi baƙi, da inda kuke jin ƙaurin roba, da inda aka haɗa waya da leda. In kun samu ko ɗaya, ku kashe wuta daga babban makunni, ku kira ƙwararren mai gyara. Ku zo da abin da kuka rubuta ranar darasi na gaba, mu karanta tare.