Kurakuran da ke hana mutum warware wasan cike gurbi mai sarƙaƙiya

A Kaduna akwai masu son wasan cike gurbin kalmomi fiye da yadda ake zato. Tsofaffin ma'aikata da suka saba da shafin bayan jarida tun zamanin New Nigerian, da matasan da ke buɗe shi a waya cikin jirgin ƙasa daga Rigasa zuwa Abuja, duk suna cike na yau da kullum ba wahala. Amma da zarar an miƙa musu irin na Ingila, wanda kowace manuniya, wato jimlar da ke nuna kalmar da za a cike, ke ɗauke da lauje cikin naɗi, sai a ji suna cewa Turancinsu ne bai kai ba. Yawanci ba Turancin ba ne. Yadda suke karanta manuniyar ne ke kayar da su, kuma wannan abu ne mai gyaruwa.

Asalin wasan daga Amurka yake. Arthur Wynne ya buga na farko a jaridar New York World a watan Disamban 1913. Turawan Ingila ne suka murɗa shi: Edward Powys Mathers, mai laƙabin Torquemada, ya fara tsara wa jaridar Observer a 1926, magajinsa Derrick Macnutt, wato Ximenes, shi ya kafa ƙa'idojin adalci tsakanin mai tsarawa da mai warwarewa. Sanin cewa akwai ƙa'ida shi ne rabin aikin. Mai tsarawa yana da damar ruɗa ka, amma ba shi da damar yi maka ƙarya.

Babban kuskure, wanda sauran duk 'ya'yansa ne, shi ne karanta manuniya kamar jimla mai ba da labari. Ba labari take bayarwa ba. Kusan kowace manuniya kashi biyu ce a manne: ma'anar amsar kai tsaye, da kuma umarnin yadda za a ƙera amsar daga haruffa. Ma'anar tana zama ne a farko ko a ƙarshe, da wuya ƙwarai ta shiga tsakiya. Bari in nuna da Hausa, don a ga tsarin ba tare da nauyin baƙon harshe ba:

Birni yana cikin abin da ka noma (4)

Wanda ya ɗauki jimlar a yadda ta zo zai tafi tunanin gona da damina, yana neman garin da ya yi suna da hatsi. Ba can amsar take ba. "Birni" ita ce ma'ana. "Yana cikin" umarni ne: duba cikin haruffan da ke biye. A cikin "ka noma" akwai KANO a kwance, haruffa huɗu kamar yadda lambar ƙarshe ta faɗa. Gyaran kuskuren shi ne ka riƙa saka yatsa kana raba manuniyar gida biyu. Gwada kalmar farko a matsayin ma'ana, in bai yi ba gwada biyun farko, in bai yi ba koma ƙarshe. Waƙafi da aya kada su dame ka, sau da yawa an saka su ne don su haɗa abin da ya kamata a raba.

Na biyu shi ne rashin gane kalmar da ke cewa a dagula haruffa. Duba wannan:

An farfasa goro, ana yin garin kwaki da shi (4)

"An farfasa" na nufin a wargaza haruffan GORO a sake jera su. Sai ROGO ya fito, kuma da shi ake garin kwaki. A na Turanci, duk kalmar da ke nuna lalacewa, maye, hauka, girki ko sauyi tana iya yin wannan aiki, irin su broken, drunk, wild, cooked. Sun kai ɗaruruwa, haddace su ɓata lokaci ne. Abin da ke aiki shi ne ƙirga. In amsar haruffa tara ce, kuma ka ga kalma ɗaya ko biyu a jere da suka tashi tara daidai, musamman in sun zauna a jimlar kamar an tilasta musu, to ka yi zargi. Rubuta haruffan a da'ira a gefen takarda, ba a layi ba, don ido ya daina ganin tsohuwar kalmar. Kuma a ƙa'idar da yawancin jaridu ke bi, haruffan da za a dagula dole su kasance a rubuce cikin manuniyar. Wanda ke neman wata kalma mai ma'ana ɗaya sannan ya dagula ta, wahalar banza yake sha.

A nan ne mutane ke rikicewa, domin wasu nau'o'in kuma sai ka nemo kalma mai ma'ana ɗaya tukuna:

Mahaifiya ta ga abin sha ba kai (3)

Abin sha shi ne ruwa. Cire masa kai, wato harafin farko, ya rage UWA. Haka ma wannan, inda ake jera guntaye ɗaya bayan ɗaya:

Ku shirya abin zama (6)

KU, sannan JERA a madadin "shirya", ga KUJERA. Ina son wannan nau'in fiye da kowanne, domin jimlar kan fito sumul har mutum ba ya ganin wurin ɗinkin. Gajerun manuniyoyi kuwa, masu kalma biyu zuwa huɗu, sau da yawa ma'ana biyu ce kawai aka ajiye gefe da gefe. "Alƙarya, niƙaƙƙiyar dawa (4)" GARI ne, ta kowane ɓangare ka duba.

Akwai kuskuren da ya fi damun mu da ba a Ingila muka tashi ba: rashin sanin gajerun alamomin da masu tsarawa suka gada. Wannan ba a gane shi da kaifin basira, koyonsa ake. Learner na nufin L, irin jan harafin da ake liƙawa a motar ɗan koyo. Love sifili ne, wato O, daga wasan tanis, duck ma O ne daga kurket. Sailor kan zama AB ko TAR, worker kan zama ANT. "The French" na nufin LE ko LA, wato yadda Faransawa ke faɗin "the". Lambobin Rumawa na yawo ko'ina: V biyar, X goma, C ɗari, D ɗari biyar, M dubu. Flower kuma ba lallai fure ba ne, yana iya zama kogi, abin da ke flow, wato gudana. Ka ware shafi a littafin rubutu, duk wadda ka ci karo da ita ka saka. Cikin 'yan makonni za ka ga su ɗin ne dai ke ta dawowa.

Haka nan manuniyar sauti, inda amsar ke kama da wata kalma a furuci, mai ɗauke da we hear ko reportedly, da lafazin Ingila aka gina ta, inda ba a furta R a ƙarshen kalmomi da yawa. In ka auna ta da lafazin Tudun Wada ba za ta zauna ba.

Mutane kan manta da duba ko manuniyar ta kwance ce ko ta tsaye. A ta tsaye, up ko rising na nufin a rubuta kalmar daga ƙasa zuwa sama, wato a juya ta. A ta kwance kuwa back ko going west ke yin wannan aikin.

Sai kuskuren da ke ɓata allo gaba ɗaya: rubuta amsa don kawai ta dace da ma'ana da yawan gidaje. A allon Ingila mai gida 15 a tsaye 15 a kwance, kusan rabin haruffan kowace kalma ne kaɗai ke haɗuwa da wata. Amsa ɗaya ta kuskure za ta tsayar da kai a kalmomi biyu ko uku, kana zargin kanka alhali matsalar tana can baya. Kafin ka rubuta, bi manuniyar kalma bayan kalma ka faɗi aikin kowacce: wannan ma'ana, wannan umarni, wannan kayan gini, wannan mahaɗi. In kalma ɗaya ta rage ba ta da aiki, ba ka gama ba. Rubuta da fensir, a hankali, ka saka alamar tambaya a gefe.

Kada ka ce sai ka fara da lamba ta ɗaya. Zagaya manuniyoyin duka, kusan talatin ne, ka ɗebi masu ɓoyayyar kalma da masu dagulawa, sannan haruffan da suka bayar su buɗe maka sauran. In ta cije, ajiye ta ka je sallah ko ka sha shayi. Sau da yawa kana dawowa za ka ga wurin rabuwar da ka kasa gani.

Kuma kada ka fara da mafi wuya. Jaridar Guardian ta Ingila na saka nata a intanet kyauta, ciki har da Quiptic da aka yi don sababbi, The Times kuma na da ƙaramin allo mai gida 13 a 13. Zaɓi mai tsarawa ɗaya ka bi shi na wani lokaci, domin kowanne yana da dabarun da yake yawan komawa gare su. Washegari in amsoshi sun fito, kada ka tsaya a ganin kalmar da ta gagare ka. Ɗauki biro ka warware yadda aka gina ta harafi bayan harafi, har sai kowace kalma a manuniyar ta sami wurinta, sannan ka buɗe sabon allo.