Kafin ka biya kuɗin motar da ta taɓa haɗari

Ni da rana tsaka nake duba mota, hasken Maraɗi ba ya rufa wa sabon fenti asiri. Corolla 'yar Kwatano ce ta koya mini: dillali ya rantse bango kawai ta goga, ashe gabanta duk gyara ne.

Tafi da ɗan maganaɗisu, ka bi ƙofofi da shi. Inda ya ƙi kamawa, lotsawa ce aka cike aka shafe. Buɗe gaba ka leƙa shasi. In ka ga walda, haƙura, komai arha. Lambar shasin kuma ta dace da takardun duwan.

Sai ku hau hanyar Ɗan Isa da makanikinka, ba na dillali ba. Sassauta sitiyari kaɗan, ka gani ko tana jan gefe.