Darasi na Bakwai: Ƙunshin Maiƙo Mai Kai Magani Inda Ciwo Yake

Idan magani ya shiga jini, yakan bi jijiyoyi ko'ina, ya taɓa wurin da ke ciwo, ya kuma taɓa wurin da yake lafiya lau. Shi ya sa maganin ciwon daji mai suna doxorubicin kan raunana zuciya yayin da yake yaƙar cutar. Wannan darasi zai nuna mana dabarar da masana suka samo domin rage irin wannan ɓarna.

Ku dubi kumfar sabulu, fata ce siririya da ta kewaye iska. Dabarar ita ce wani ɗan ƙunshin maiƙo da ake kira liposom, ita ma haka take, sai dai fatarta ta maiƙo ce ninki biyu, kuma ruwa ne a cikinta. Maiƙon irin wanda ya lulluɓe ƙwayoyin halittar jikinmu ne, kowane ɗan ƙwayarsa yana da kai mai son ruwa da wutsiya mai gudun ruwa, saboda haka da an gauraya shi da ruwa sai kawunan su fuskanci ruwan, wutsiyoyin su ɓuya a tsakiya, ya dunƙule da kansa. Alec Bangham ne ya fara bayyana wannan a Ingila cikin shekarun 1960. Ƙanƙantar liposom ta kai sai an jera ɗaruruwa kafin su yi kaurin silin gashi guda.

A cikin wannan ƙunshi ake zuba magani. Hanta da saifa kan yi saurin tsince shi daga jini, don haka ake shafe bayansa da wani sinadari mai suna PEG, wanda ke sa ya daɗe yana zagayawa. Jijiyoyin da ke ciyar da ƙarin daji suna da ƴan kafofi, ta nan ƙunshin ke zurarewa ya taru, sannan ya saki maganin sannu a hankali. Da wannan dabara aka yi Doxil, wato doxorubicin da aka ƙunsa a cikin liposom, wanda Amurka ta amince da shi a 1995, haka kuma a cikin liposom, amma ba tare da PEG ba, aka ƙunsa AmBisome, maganin cututtukan fungas da kala-azar (wata cuta mai kawo zazzaɓi da kumburin saifa), wanda illarsa ga ƙoda ta yi sauƙi ƙwarai idan aka kwatanta da tsohon samfurinsa.

Abin da ya fi damuna ku riƙe shi ne, maganin da aka ƙunsa da wanda ba a ƙunsa ba ba sa maye gurbin juna, ko da sunansu ya yi kama, domin awonsu ya bambanta. A asibiti ake ba da su ta hanyar ƙarin ruwa. Mai jinya ya tambayi likita wane samfuri aka rubuta, kuma idan tafin hannu ko na ƙafar majinyacin da ke karɓar Doxil ya yi ja yana raɗaɗi, a sanar da ma'aikatan lafiya tun kafin fatar ta fara saɓulewa.